Yadda Ake Jinyar Masu Larurar Cin Abinci da Masu Larurar Ɗabi'a

Ma'aikacin jinyar da ya saba da karaya da zazzaɓi da wankin ciwo yakan rasa ta inda zai kama ranar da aka fara kawo masa yarinyar da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma tana rantsuwa ƙiba ce ke damun ta. Haka yake ji idan ya gamu da majinyacin da zai ce masa da safe, "Duk wurin nan kai kaɗai ne mai tausayi," kafin la'asar kuma ya wanke shi tas da zagi. Sau da yawa ma larurorin biyu a jikin mutum ɗaya ake samun su. Abin da shekarun aiki suka koya mini shi ne, babban abin da nas yake da shi a wannan jinya bai wuce majinyaci ya same shi yau yadda ya bar shi jiya ba, da taushin bakinsa da kuma dokar da ba ya lanƙwasawa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: san abin da ke gabanka

Anoreksiya ita ce ƙuntata wa kai abinci saboda matsanancin tsoron ƙiba, har nauyin jiki ya faɗi ƙasa da abin da lafiya za ta ɗauka. Likitan Ingila William Gull ne ya raɗa mata suna a 1873. Bulimiya kuwa likitan ƙwaƙwalwa Gerald Russell ne ya fayyace ta a 1979: mutum ya ci abinci mai tarin yawa a ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, daga baya ya nemi fitar da shi ta hanyar sa kansa amai, shan maganin sa zawo, ko motsa jiki ba ji ba gani. Akwai kuma masu irin wannan ci ba tare da fitarwa ba, wanda kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya ware a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013. Kada rama ta zama ita kaɗai ce ma'auninka. Mai bulimiya yawanci nauyinsa daidai yake, alhali jininsa na iya kasancewa a bakin haɗari. Kuma maza ma suna kamuwa, sai dai sun fi jinkirin zuwa asibiti.

Akwai wani bincike da nake so kowane nas ya sani. Tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minesota ya rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci na tsawon makonni 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen nan ba su da wata larurar ƙwaƙwalwa, amma yunwa ta mayar da su masu saurin fushi da janye jiki daga mutane, ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna jan cin ɗan abin da aka ba su na tsawon lokaci. Don haka yawancin abin da kake gani kamar taurin kai a majinyaciyarka aikin yunwa ne a kan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba na son a yi gaggawar liƙa wa wanda ke cikin tsananin rama sunan larurar ɗabi'a. A bari jiki ya farfaɗo tukuna, sannan a ga wane ne mutumin.

Ita larurar ɗabi'a tana nufin salon tunani da ji da mu'amala wanda ya kafu tun ƙuruciya, ba ya sauyawa da sauyin yanayi, kuma yana jawo wa mai shi wahala a zamansa da mutane. DSM-5 ya kasa ta gida goma. Sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a Janairun 2022, ya fi duba tsananinta: mai sauƙi, matsakaiciya ko mai tsanani. Wadda za ka fi cin karo da ita a ɗakin majinyata ita ce ake kira bodalayin. Mai ita zuciyarsa na hawa da sauka cikin sa'o'i, yana matuƙar tsoron a guje shi, yana jin cikinsa wayam, kuma yakan ji wa kansa ciwo idan abin ya yi masa yawa. Da yawansu sun sha cin zarafi ko rashin kulawa tun suna yara, ko da yake ba dukansu ba.

Mataki na biyu: fara da jiki

Kafin doguwar hira, tabbatar zuciyar nan za ta kai gobe. Anoreksiya na cikin larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma mai ita na iya zama yana magana garau, yana murmushi, alhali yana dab da faɗuwa.

Auna nauyi da tsawo, ka fitar da BMI, wato nauyi a kilo a raba da tsawo a mita sau kansa. Ƙasa da 18.5 rama ce ga baligi. Jagorar MEED, ta gane haɗarin gaggawa ga masu larurar cin abinci, da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 ta sa ƙasa da 13 a jerin babban haɗari, tare da bugun zuciya ƙasa da 40 a minti ga wanda yake farke, da zubar da kilo ɗaya ko fiye a mako har makonni biyu a jere. Ga yara da matasa ba a amfani da lambobin manya, sai an gwada da shekarunsu. Auna hawan jini a kwance, ka sake aunawa a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi fiye da 20, sanar da likita. Duba zafin jiki, domin waɗannan majinyata sanyi ke kama su, kuma ƙwayar cuta na iya shigarsu ba tare da zazzaɓi ya nuna ba. Sa majinyaci ya tashi zaune daga kwance, sannan ya tsuguna ya miƙe, duk ba tare da dafa hannu ba. Wanda ya kasa, tsokarsa ta ci wuya. A ɗauki hoton bugun zuciya na ECG, a kai jini gwajin sukari da fotasiyam da fosfet da magniziyam da aikin ƙoda da hanta.

Sai kuma abin da ido ke gani. Kanta a bayan yatsu, inda haƙora ke gogar fata wajen sa amai. Kumburi a gefen muƙamuƙi. Haƙoran da ruwan ciki ya zaizaye ta ciki. Laushin gashi da ya tsiro a baya da damatsa. Tabon yanka a hannu ko cinya, wanda doguwar riga ke rufewa. Duba cikin mutunci, ka faɗi abin da za ka yi kafin ka taɓa, kuma kada fuskarka ta nuna firgita.

Mataki na uku: tambaya kai tsaye

Zauna, kada ka tsaya a kansa da fayil a hannu. Tambayoyi biyar da aka tsara a asibitin St George's na Landan a 1999, waɗanda ake kira SCOFF, suna buɗe ƙofa: Kina sa kanki amai don kin ji cikinki ya cika har ya dame ki? Kina jin cin abinci ya fi ƙarfinki? Kin rage fiye da kilo 6 a cikin watanni uku? Kina ganin kin yi ƙiba alhali mutane na cewa kin rame? Tunanin abinci ya mamaye rayuwarki? Amsar "e" guda biyu ta isa a zurfafa bincike. Tambayi maganin sa zawo da na sa fitsari da na rage ƙiba, da giya da ƙwayoyi, da ranar da aka ga al'ada ta ƙarshe. Idan mai ciwon sukari ne da ke allurar insulin, tambaye shi ko yana tsallake allurar don ya rame, domin wannan na kashewa da sauri.

Tambayi batun kashe kai da sunansa: "Kin taɓa tunanin kashe kanki? Yanzu fa? Kin shirya yadda za ki yi?" Sababbin ma'aikata na tsoron kada tambayar ta cusa wa mutum tunanin. Ba ta cusawa. Sau da yawa za ka ga kafaɗun majinyaci sun sauka, domin an samu wanda bai ji tsoron jin amsar ba.

Mataki na huɗu: kwanakin farko na ciyarwa

A nan ne kyakkyawar niyya ke iya yin kisa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya ƙarar da gishirinsa na cikin ƙwayoyin halitta, ko da gwajin jini na farko ya nuna daidai. Da abinci ya shiga, insulin ya tashi, sai ya kora fosfet da fotasiyam da magniziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin halitta. Jini ya wayi gari babu su, zuciya ta rikice, numfashi ya yi rauni, ƙafafu su kumbura, mutum ya ruɗe ko ya yi farfaɗiya. Yawanci a kwanakin farko na ciyarwa abin ke aukuwa. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu BMI ƙasa da 16, da wanda ya yi fiye da kwana 10 kusan bai ci komai ba, da wanda ya zubar da fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa a watanni uku zuwa shida, da wanda gishirin jininsa ya riga ya yi ƙasa.

Likita da masanin abinci ne za su yanke yawan kalorin da za a fara da shi da yadda za a riƙa ƙarawa. Naka shi ne ka tabbatar an ba da tiyamin, wato bitamin B1, kafin abinci ya fara shiga, an ɗebi jini kullum a makon farko, kuma wani ya duba sakamakon a ranar, ba a bar shi a fayil ba. Auna bugun zuciya da sukari har da dare, domin da asuba suka fi faɗuwa. Danna ƙaurin ƙafa ka ga ko yatsa ya bar rami. Rubuta abin da aka ci da aka sha daidai yadda yake, kada ka rubuta "ta ɗan ci". Kuma tsoron wannan matsala kada ya sa a bar majinyaci kwana da kwanaki a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, wannan ma yunwa ce, sai dai a gadon asibiti.

Mataki na biyar: zaman cin abinci

Ga mai anoreksiya, kwanon abinci kamar bakin rami ne aka ce ta taka. Idan ka riƙe wannan a ranka, ba za ka yi fushi da cokalin da ya tsaya a iska ba.

Tsarin da aka saba shi ne manyan abinci uku da ƙanana biyu ko uku a rana, a lokuta tsayayyu. Ana ba da kamar minti 30 ga babba, 15 zuwa 20 ga ƙarami. Duk wata muhawara a kan yawa ko iri a gama ta tun kafin a zauna. A teburi ba a ciniki. A shiga banɗaki kafin a fara. Zauna kusa, inda kake ganin hannayenta ba tare da ka zuba mata ido ba. Ja hira mai sauƙi wadda ba ta shafi abinci ko jiki ko kalori ba. Idan ta tsaya, gajeren zance ya fi: "Na san da wuya, ƙanwata. Ɗauki cokalin, ina nan tare da ke." Idan ka ga ana dagargaza abinci, ana shafe shi a gefen kwano, ko ana tura shi cikin hannun riga ko adiko, faɗa a hankali ba tare da kunyatawa ba: "Na ga ciwon yana so ya ɓoye wannan. Mu mayar da shi." Raba mutum da cutarsa a harshenka yana ba shi damar ya tsaya a gefenka ku fuskance ta tare. Abin da ba a cinye ba a maye gurbinsa da abin sha mai gina jiki da aka rubuta, gwargwadon abin da ya rage. Robar ciyarwa ta hanci tana zuwa ne idan wannan ya gagara, da umarnin likita da bin dokar ƙasar game da yardar majinyaci, kuma kada a taɓa ambatonta a matsayin barazana.

Bayan an gama, aikin bai ƙare ba. Sa'ar da ke biye ita ce mafi zafi: ciki ya cika, ga kumburi domin hanji ya saba da jinkiri, ga nadama tana cin rai. Zauna da ita minti 30 zuwa 60, babu shiga banɗaki ita kaɗai, babu safa da marwa. Ba ta abin da zai ɗauke hankali da hannu, zane ko saƙa ko wasa. Lura da tsayuwar da ba dalili, da karkaɗa ƙafa, da motsa jiki a ɓoye cikin dare. Wanda ya yi amai kuwa kada ya goge haƙora nan take, domin zai ƙara kankare su. Ya kurkure baki da ruwa ya jira. Mai shan maganin sa zawo a fahimtar da shi cewa ruwa da gishiri yake zubarwa, abincin ya riga ya shiga jiki, kuma idan ya daina zai ga kumburi na ɗan lokaci wanda zai wuce.

Na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Wata budurwa ta yi makonni tana ƙoƙari, fuskarta ta fara cikowa, na shigo da safe cikin farin ciki na ce, "Kai, kin murmure!" Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafin gado ta rufe cinyoyinta. Ranar ba ta taɓa abincin rana ba. Daga baya ta ce mini, "Sista, abin da na ji shi ne kin ce na zama ƙatuwa." Tun daga nan ba na yabon jiki. Nakan ce na ji daɗin hirarmu, ko na ga yadda ta daure jiya da daddare.

Mataki na shida: sikeli

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, bayan an yi fitsari, da tufafi marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. A yarda tun farko ko majinyaci zai ga lambar ko zai juya baya. Karanta, rubuta, kada ka yi murna ko jimami. Wanda aka kwantar ana sa ran ƙarin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Idan lamba ta yi tsalle ba dalili, tuna da ɗurar ruwa kafin awo, wadda ke iya faɗar da gishirin sodiyam har a yi farfaɗiya, ko wani abu mai nauyi a aljihu. Tsoro ne ke sa haka, a yi maganarsa a matsayin tsoro.

Mataki na bakwai: iyaka, da baki ɗaya

Mai larurar bodalayin idan ransa ya ɓaci ba ya iya riƙe alheri da laifin mutum a lokaci guda. Ko kai mala'ika ne, ko kai azzalumi. Sai ka tarar ma'aikata sun rabu biyu, masu cewa an matsa masa da masu cewa ya raina kowa, har a fara jin haushin juna a wajen miƙa aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren a nan cutar ce, ba majinyacin ba.

Maganin haka rubutaccen tsari ne guda, wanda aka yi tare da majinyaci, kowa ya karanta, har mai aikin dare. A ware masa nas ɗaya a kowane duti, da lokacin hira tsayayye, ko da minti 15 ne, wanda zai samu ko ranar lafiya ce ko ba lafiya ba. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: idan sai ya yanki kansa ake zama da shi, mun koya masa cewa jini ne kuɗin shiga. Kada ka yi alkawarin abin da ba ka da iko a kai. Idan ka ce za ka dawo ƙarfe huɗu, dawo ƙarfe huɗu, ko ka aiko a faɗa masa dalili. Kada ka karɓi sirrin da aka ce kada ka faɗa wa kowa, ce masa, "Duk abin da ya shafi lafiyarka sai abokan aikina sun sani, don mu iya kare ka." Babu ba da lambar waya, babu kyauta ta musamman. Za ka tafi hutu, sanar da shi da wuri, ka faɗi wanda zai riƙe shi.

Wajen magana, fara da amincewa da abin da yake ji kafin ka kawo doka. "Na ga ranka ya ɓaci da aka ɗage ganin likita, kuma ka daɗe kana jira. Amma ba zan tsaya ana zagina ba. Zan fita, in dawo bayan minti goma mu yi magana." Sannan ka dawo. A fayil kuma rubuta abin da ya faru: ya buga ƙofa sau uku, ya ce kaza. Kalmomi irin su "mai neman a kula shi" ko "makirci" suna bin mutum daga asibiti zuwa asibiti, suna rufe masa ƙofofi.

Sauran nau'o'in larurar ɗabi'a a taƙaice: mai yawan zargi a yi masa bayani filla-filla, kada a yi raɗa a gabansa, mai dogaro da mutane a riƙa mayar masa da ƙananan shawarwari ya yanke da kansa, mai son komai ya zama cif, wanda ake yawan samu tare da anoreksiya, a sanar da shi sauyi kafin ya zo.

Mataki na takwas: idan guguwa ta taso

Idan majinyaci ya ji wa kansa ciwo, wanke ka ɗaure da kulawar da za ka ba kowane rauni, da maganin kashe zafi idan ana ɗinki, ba faɗa, ba kuma rawar jiki. Idan ya haɗiyi ƙwayoyi, wannan aikin gaggawa ne ko da ya ce ƙalau yake. Tambayi niyyarsa kowane karo, kada ka ce ai ya saba. Bayan ƙura ta lafa, ku bi sawun abin tare: me ya faru da safe, wane tunani ya zo, a ina za a iya tsayawa.

Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton, wadda a 2011 ta bayyana cewa ita ma ta sha irin wannan wahala tana budurwa, ta tsara hanyar jinyar da ake kira DBT, mai koyar da natsuwa a kan halin da ake ciki, jure ƙunci, sarrafa motsin rai da zama da mutane. Nas na iya tuna wa majinyaci dabarunta a lokacin tashin hankali, kamar numfashin da fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Sai dai a kula: dabarar tsoma fuska a ruwan sanyi tana rage bugun zuciya, don haka ba a yi wa mai anoreksiya ko bulimiya ita sai da izinin likita, haka ma motsa jiki mai ƙarfi.

Babu ƙwayar da ke warkar da larurar ɗabi'a. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce idan an ba da maganin kwantar da hankali a lokacin rikici, kada ya wuce mako guda. Cikin magungunan ciwon damuwa, fuloksetin na taimaka wa masu bulimiya, bufrofiyon kuwa ba a ba su shi saboda haɗarin farfaɗiya. Tsaya ka ga an haɗiye magani, kada a tara.

Mataki na tara: iyali, kai kanka, da sallama

Iyaye sukan zo da nauyin laifi a ka. Ce wa uwa, "Mama, ba ke kika jawo ba, kuma muna buƙatar ki." Ga matasa masu anoreksiya, jinyar da ta fi samun shaida ita ce wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ke karɓar ragamar ciyarwa har yaro ya farfaɗo. Gayyace su su zauna zaman cin abinci tare da kai tun kafin sallama, su ga yadda ake yi. Faɗa musu kuma cewa binciken da ya bi masu bodalayin shekaru goma ya nuna mafi yawansu alamominsu na lafawa sosai.

Kai ma za ka ji haushi, ko ka ji kai kaɗai ne za ka iya ceton wani. Duka biyun alama ce ta ka kai maganar zaman ma'aikata ko wurin na gaba da kai, kada ka tafi da ita gida.

Ranar sallama takan tayar wa majinyaci da tsoron a guje shi, shi ya sa ake faɗin ranar da wuri, a kuma sa ran 'yar koma-baya a kwanakin da ke gabanta ba tare da an rushe shiri ba. Kafin ya fita, ku rubuta takarda ɗaya da kalmominsa: alamomin da ke nuna abin na dawowa, abin da zai yi da kansa, mutum biyu da zai kira, da inda zai je cikin dare. A haɗa da jadawalin abinci, da nauyin da idan aka sauka ƙasa da shi za a dawo asibiti, da wanda zai riƙa auna shi da gwada jininsa. Magani a ba da na kwanaki kaɗan, sauran ƙwayoyin gida a miƙa wa wani ya kulle. Ranar dawowa ta farko ta kasance cikin mako guda, a rubuta ta da sa'a da sunan wanda zai gani, kwafi ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun wanda zai kwana gida ɗaya da shi.